Tukunya Ta Biyar

Zuru, 14 ga Agusta, 2003

Ɗiyata Rachel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, karatun jinya kuma yana tafiya yadda kike so. Mu nan sai godiya. Ruwa ya wadata bana, dawa ta kusa kai tsawon mutum. Ni kuwa ƙafafuna sun kumbura har takalmin zuwa coci ya ƙi shiga. Likita ya ce ƙoda ce, ya hana ni gishiri, kamar dama akwai sauran ɗanɗano a bakina.

Tun da ƙanwata Leah ta haife ki, har ta rasu, har kika tafi Suwidin, ban taɓa aikenki ko ɗebo ruwa ba. Yau zan aike ki. Amma sai na fara faɗa miki abin da uwarki ta ɓoye miki.

Kin san Kawu Mika hedimasta, dattijon ikilisiya, mai kujerar gaba. Ba ki san yaron Manga mai gyambo a ƙafa ba, wanda ƙudaje ke yi wa rakiya. Wata baturiya ce ta warkar da ni a ɗakin shan magani na mishan, Sista Marta, mutuniyar ƙasar da kike ciki yanzu. Tana wanke gyambon da hannunta, tana koya mini baƙi da wasali a bayan kwalin magani. Ta ce a ƙasarsu ko ƙauyen da bai kai Manga ba yana da ɗakin sujada, manoma suna ratsa ƙanƙara har gwiwa don su ji Maganar Allah. Ta ce tsofaffin matan ƙauyensu ne suka yi ta saƙa safa suna sayarwa har aka turo ta wurinmu. Na yarda da ita fiye da yadda na yarda da idona.

Kakanki sarkin noma ne, ɗan kokawar da bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Da ya rasu a 1957 aka yi masa abin da mutanenmu ke yi wa manyan maza. Aka jera tukwane biyar a kan kushewarsa, irin waɗanda ba a girki da su, ba a ɗebo ruwa, sai dai kowace shekara a zo a zuba musu burkutu a gai da mai kwance. Ƙaramar cikinsu tana da kan mutum a bisa, baki buɗe, yana duban sama.

Bayan shekara guda na nemi baftisma. Sista Marta ba ta ce in fasa komai ba, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta dai tambaye ni ko har yanzu ina zuwa gai da tukwane, ta kuma ce bawa ba ya bauta wa iyayengiji biyu. Wata Lahadi bayan sujada na ɗauki taɓarya. Masu bi tara suka biyo ni da waƙa, ita tana tsaye ƙarƙashin ɗorawa da laimarta. Na farfasa su biyar ɗin. Ƙanena yana tsaye yana kallo. Daga ranar bai ƙara ce mini ko sannu ba, har ya musulunta, har ya tsufa, har aka binne shi.

To, makon jiya ɗansa Lawwali, mai kabu-kabu da babur, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, “Baba Mika, ni ɗan aike ne, kada ka harare ni. Ni ma in limaminmu ya ji ina yawo da maganar tukwane sai na sha wa'azi. Tsofaffin Manga sun ji ba ka da lafiya. Sun ce in kana son kwanciya kusa da ubanka, akwai wuri. Sharaɗi ɗaya ne: ka mai da masa tukunya ko guda, da hannunka, kana da rai.” Ya ce tsohuwa Kande, wadda ita kaɗai ta rage da ta iya ginin irinsu, ta yarda za ta haƙo yumɓu in an gama girbi, ko da yake hannunta ya fara rawa.

Maganar ta kai kunnen Fasto Philip kafin Lawwali ya tada babur. Philip ɗin nan ni na koya masa riƙe fensir, na share masa majina. Ya zo da Littafi a hammata ya ce, “Baba, da girmanka, in ka aza tukunyar nan, kujerarka ta tafi, kuma ikilisiya ba za ta ɗauki gawarka ba.”

Shekara arba'in da biyar ban yi shakka ba a gaban mutane. Amma na ga yadda ikilisiyarmu ta koma kasuwar muƙami, na ga ɗalibaina sun zama manya suna wuce ni a mota suna ɗaga mini yatsa biyu. Abu ɗaya ya rage da nake jingina da shi: cewa can inda hasken ya fito, yana nan yana ci. Ga tsohon katin Kirsimeti da Sista Marta ta aiko mini a 1969, da sunan ƙauyensu a baya. Ki nemi wurin. In tana da rai ki gaishe ta. In ba ta, ki shiga ɗakin sujadarsu ki ƙirga mini kawuna. Da abin da kika gani zan ba Lawwali amsa.

Kawunki,
Mika

*

Jönköping, Suwidin, 21 ga Satumba, 2003

Kawu,

Na durƙusa na gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Don Allah ka bi maganar likita, ka riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi in za ka kwanta. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ya fara tun yanzu. Safiya ina aji, yamma ina aiki a gidan kula da tsofaffi.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Mama ba ta taɓa gaya mini ba, ta dai ce kai da Kawu na Manga ba ku jituwa. Na nuna wa wata abokiyar aikina katin, ta ce ƙauyen yana cikin daji, tafiyar awa biyu daga nan, motar haya ba ta shiga sai jefi-jefi. Ta yi alkawarin kai ni da motarta farkon Nuwamba.

Ka tambayi halin addininsu. Kawu, da wuya in ba ka amsa, don mutanen nan ba sa maganar Allah a fili. Wata takwas ina nan, ba wanda ya taɓa tambayata cocin da nake zuwa. Ba sa gaisuwa da sunan Allah, ba sa cewa in Allah ya yarda. Amma masu gaskiya ne, in ka yar da jaka a mota za ka same ta. An ce cikin mutum goma, takwas suna da suna a littafin cocin ƙasa. Ranar Asabar da ta wuce na shiga babban cocin garin nan, ban taɓa ganin gini irinsa ba, kuma babu masaka tsinke. Da suka fara rera waƙa, tsigar jikina ta tashi, hawaye suka zubo mini, na tuna Mama.

Ka kwantar da hankalinka har in je ƙauyen. Ka gai da Lawwali da iyalinsa.

Ɗiyarka,
Rachel

*

Zuru, 19 ga Oktoba, 2003

Ɗiyata Rachel,

Salama a gare ki cikin sunan Ubangiji. Jiki da sauƙi, kuma wasiƙarki ta fi ƙwayoyin likita aiki. Ranar da ta zo na ci tuwo malmala biyu, ba gishiri, ban ma lura ba.

Takwas cikin goma! Kuma coci cike ranar Asabar! In Asabar ke nan, ina ga Lahadi? Kin ce ba sa maganar Allah a fili, kamar abin ya dame ki. Yarinya, ai wannan shi ne addinin. In za ka yi addu'a ka shiga lolokinka ka rufe ƙofa. Mu nan lasifika huɗu a kowane coci, sunan Allah a bayan kowace tirela, amma ki bar akuyarki a waje ki gani. Gangar da ba komai cikinta ita ke cika gari da ƙara.

Yau bayan wa'azi na nemi izini na miƙe da sandata na karanta wa ikilisiya wasiƙarki. Na ce musu ga ƙasar da ta aiko mana haske, har yau fitilarsu ba ta mutu ba. Mata suka yi guɗa. Philip ya rungume ni a gaban jama'a, ya ce Shaiɗan ya sha kunya. Ban so rungumar ba, yana warin turare mai arha, amma na bari.

Lawwali ya zo da yamma, na ba shi amsa. Na ce ya gaya wa tsofaffi na gode, su riƙe wurinsu, ya gaya wa Kande kada ta wahal da bayanta wajen haƙar yumɓu. Ya daɗe yana juya makullin babur a hannu, sannan ya ce, “Baba Mika, ba za ka jira 'yar taka ta je ƙauyen ba?” Na ce wanda ya ga hadari ya ji iska, ba sai ruwa ya jiƙa shi zai san damina ba.

Duk da haka ki je. Ki gaya wa Sista Marta, ko kushewarta, cewa yaron Manga bai juya baya ba.

Kawunki,
Mika

*

Zuru, 8 ga Fabrairu, 2004

Rachel,

Ina gaisuwa. Ko kina lafiya ban sani ba, tunda ba ki ga damar faɗa ba. Ni kumburin ya hau har gwiwa, an kwantar da ni kwana shida a watan jiya.

Wata huɗu ke nan. Kowace Litinin da Alhamis ina jan ƙafa zuwa gidan waya, har ma'aikacin ya daina bari in yi tambaya, daga nesa yake girgiza mini kai. Kirsimeti ta wuce, ko kati. Na yi malanta shekara talatin da ɗaya, na san shirun yaron da ya manta aikin gida, na san na wanda ya yi aikin amma yana tsoron nuna shi. Naki wane ne?

In ƙauyen ne ba ki samu zuwa ba, ba laifi ba ne. In auren bature kika yi, ki faɗa, ba ni da ƙarfin faɗa yanzu.

Tsohuwa Kande ta rasu bayan sabuwar shekara. Lawwali ya ce ashe ba ta ji maganata ba, ta sa an haƙo mata yumɓun, ta jiƙa shi ta rufe da tsumma, wai ko zan sake tunani. Ya bushe a bayan ɗakinta. Jikokinta duk 'yan boko ne, ba wadda ta koya. Ba abin da ya shafe ni, na dai faɗa miki ne don ki sani.

Ki rubuto.

Mika

*

Jönköping, 3 ga Maris, 2004

Kawu,

Na durƙusa har ƙasa. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Lafiyata lau, ba aure na yi ba. Ni ce yaro na biyu, mai tsoron nuna aikinsa. Na je ƙauyen ranar ɗaya ga Nuwamba. Ina cikin rubuto maka abin da na gani sai wasiƙarka ta zo, cewa ka karanta tawa a gaban ikilisiya ka kuma sallami Lawwali. Na yaga takardar. Na ce bari in bar tsoho da farin cikinsa. Ban san Kande na jira da yumɓu ba. Ka yafe mini in za ka iya.

Taron Asabar ɗin nan ba sujada ba ce, Kawu. Mawaƙa ne suka zo daga wani gari, tikiti aka yanka a ƙofa, aka tafa musu, kowa ya tafi gida. Na sani tun a lokacin, na rubuta rabi na bar rabi don in faranta maka. Washegari Lahadi na koma. Mu goma sha huɗu ne a ginin da zai ci ɗari takwas, har da mai kiɗa da faston, wadda mace ce mai kirki. Ni kaɗai ce ba furfura.

Takwas cikin goma gaskiya ne, amma suna ne a littafi. Har 'yan shekarun nan, in uwa ko uba na ciki, jariri ya shiga ke nan tun ranar haihuwa, ba a tambaye shi ba. Shekara huɗu da suka wuce gwamnati ta raba hannu da cocin, yanzu mai son fita takarda guda zai cika ya sa hannu, ba mai zuwa gidansa ya yi masa faɗa. Da yawa ba sa fita, ba sa kuma zuwa. Suna kawo jariri baftisma, su ɗaura aure a can don ginin yana da kyau, a kai su can in sun mutu. Na tambayi abokiyar aikina ko ta gaskata da Allah, ta ji kunya kamar na tambaye ta abin da ke ƙarƙashin zanenta. Ta ce, “Ina jin akwai wani abu.” Akwai masu bi na gaske, garin nan ma an ce ya fi sauran, ban ce babu ba. Amma inda na fi ganin an cika ana kuka gaban Allah, baƙi ne irina, a ɗakunan haya, da masallacin 'yan gudun hijira.

Ɗakin sujadar su Sista Marta yana nan, na katako, jan fenti. An sayar da shi tun 1987, da masu zuwa suka rage mutum huɗu. Wani likitan haƙori ne ke hutun rani a ciki. Na leƙa ta taga, inda mai wa'azi ke tsayawa teburin cin abinci ne.

Sista Marta ta rasu a 1991. Muka tafi maƙabarta. Ranar ta dace da ranar da suke tuna matattunsu. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya sauka, amma Kawu, wurin kamar an zubo taurari a ƙasa. Kowace kushewa da kyandir a cikin kwalba, da ganyen itace an jera. Mutanen nan da ba sa zuwa coci, ga su iyali iyali da jarirai a keke, suna share kaburbura suna tsayawa shiru. A kan na Sista Marta muka tarar da wata dattijuwa tana kunna nata. Sunanta Gunilla, ɗiyar ƙaninta. Ta ce ita ta cika takardar fita tun tuni, ba ta yarda akwai komai bayan mutuwa ba. Na ce to don me kike kunna wuta? Ta ce, “Gwaggona ce. Ba zan bar ta cikin duhu ba.”

Da na ambaci Manga sai ta dube ni, ta ce mu je gidanta. Kawu, a kan kantar littattafanta akwai ƙaramar tukunya baƙa-baƙa, da kan mutum a bisa, baki buɗe, yana duban sama. An liƙe ta gutsure gutsure, na ƙirga ashirin da uku, wani wuri babu gutsuren sai rami. A gindinta an manna takarda da rubutun hannu: Uban Mika, Manga, 1958. Gunilla ta ce tun tana yarinya take ganinta a kan teburin gwaggonta, kusa da Littafi Mai Tsarki, har a gidan tsofaffi inda ta ƙare. Ba ta taɓa faɗin ko mece ce ba, ba ta kuma bari kowa ya goge ta sai ita. Ta rasu tana mai bi, da waƙar sujada a bakinta.

Na gaya wa Gunilla labarin duka. Ta ce tukunyar ba tata ba ce, in kana so ta ba ni. Ban karɓa ba sai na ji daga gare ka.

Ɗiyarka mai laifi,
Rachel

*

Zuru, 11 ga Afrilu, 2004

Rachel,

Na gaishe ki. Jiki yana nan yadda kika san shi, zafin bazara ya ƙara masa. Yau Ista, ina jin gangunansu daga nan. Ban je ba.

Kin nemi gafara. Me zan yafe? Kin ba ni rabin magana, ni na ƙera sauran rabin da kaina, don shi nake so. Na yi shekaru ina dukan yara a kan su karanta abin da ke kan takarda, ba abin da ke cikin kansu ba. Kin rubuta Asabar, na gani da idona, na mai da ita hujja.

Abin da ya hana ni barci ba cocin da ya zama ɗakin cin abinci ba ne. Gini gini ne. Kyandir ɗin nan ne. Ashe su ma suna zuwa gai da matattunsu. Ashe suna da ranarsu, suna share wuri, suna kai wuta. Nasu sunansa tunawa, namu sunansa tsafi. Ni na rasa ƙane a kan haka. Na yi shekara arba'in da shida ina zagaye hanyar Manga kamar mai bin bayan gari, su kuwa jikokin masu saƙa safa suna tura jarirai a keke zuwa wurin kakanninsu, ba mai karɓe musu kujera.

Ita kuma Sista Marta fa? Yaushe ta koma? Bayan mun tafi da waƙa, ta naɗe laima ta durƙusa tana tsintar abin da na farfasa? Shekara goma muka ƙara yi tare bayan ranar, ina karanta mata Littafi da Hausa tana gyara mini Turanci, tukunyar ubana tana cikin akwatinta. Kalma ɗaya da ta faɗa mini, da na je na kama ƙafar ƙanena tun yana da rai. In nadama ta yi, ta yi ta ita kaɗai cikin ɗaki mai ɗumi, ni ta bar ni da taɓarya. In kuma ado ta ɗauke ta, to ban san wadda na bi ba. Ta mutu da amsar, kuma na lura kowa da na taɓa son tambaya haka yake yi mini.

Ki karɓo tukunyar. Kada ki sa ta a gidan waya, sun fi ni iya fasa abu.

Mika

*

Jönköping, 16 ga Mayu, 2004

Kawu,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu. Na karɓo. Gunilla ta naɗe ta cikin rigar sanyin Sista Marta, ta ce a haɗa da rigar. Wani likita mutumin Yawuri ya gama kwas zai dawo gida ƙarshen Yuni, ya yarda zai riƙe ta a hannu cikin jirgi. Ka tura Lawwali ya karɓa, ga adireshin a baya.

Kawu, ba ka ce za ka aza ta ba, ban kuma tambaye ka ba. Ni har yanzu ina zuwa sujada, ina sa ka a addu'a, ko kana so ko ba ka so.

Rachel

*

Zuru, 25 ga Yuli, 2004

Ɗiyata Rachel,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ni yanzu sai an tashe ni. Rubutun nan kwana uku na yi ina yinsa, ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Saƙo ya iso lafiya. Lawwali ya ɗaure kwalin a ƙirjinsa da zane tun daga Yawuri, kamar mai goyo ta gaba. Na buɗe ni kaɗai. Ita ce. Ta fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Na ga inda taɓarya ta fara sauka, a kafaɗa.

Na sa aka kira Philip, don ba na son ya ji a kasuwa. Na ba shi wasiƙarki ta Maris, na ce tunda ikilisiya ta ji ta farko, ya karanta musu wannan ma. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta, ya ce, “Baba, wannan ba za ta gina kowa ba.” Na ce ashe gini muke yi, na ɗauka gaskiya muke faɗa. Ya ce ko turawa duka sun faɗi, Allah bai faɗi ba, kuma ba don Sista Marta aka yi mini baftisma ba. Wannan amsa ce mai kyau, na ji daɗi da na ga ɗalibina ya iya ta. Da ya faɗe ta da hawaye maimakon yana duban agogo, wataƙila da ta kama ni. Ya tafi da kujerata. An ba wani mai shagon siminti.

Ranar Talata Lawwali ya samo mota ya kai ni Manga, don ba na iya hawa babur. Daga inda mota ta tsaya maza biyu suka ɗauke ni a kujera. Ɗorawar tana nan. Tsofaffi biyar suka zo, duk na girme su ban da ɗaya, makaho, wanda ya koya wa ƙanena kokawa. Lawwali ya tsaya can nesa yana jan carbi, ya juya mana baya, amma bai tafi ba.

Suka sauke ni a ƙasa. Na ja jiki na aza ta da hannuna. Na buɗe baki in yi wa ubana magana da harshenmu, sai na tarar kalmomin da ake faɗa a wurin sun ɓace mini, Hausa da Turancin mishan kawai ke zuwa. Na ce, “Baba, ni ne.” Shi ke nan abin da na samu.

Da aka zuba burkutu, sai ya tsiyaye ta kowane tsagi, ko cikin cokali bai tsaya ba. Nan gardama ta tashi. Wani ya ce tukunyar da ba ta riƙe abin sha ba tukunya ba ce, sharaɗi bai cika ba. Wani ya ce hannun baturiya ne ya gina ta, ba na Kande ba. Ina zaune a ƙasa suna ciniki a kaina kamar tsohon jaki. Makahon ya sa aka kai hannunsa, ya shafa tukunyar, ya shafa ƙasar da ta jiƙe. Ya ce, “To dama ina ake so ya tafi? Ya sha. Ku rufe mana baki.”

Sun ba ni wuri. Ba a gefensa ba, wajen ƙafafunsa. Na ce ya yi.

Kada ki ɗauka na sami salama, ko na koma addinin kakanni. Ban ji komai ba a wurin, sai ciwon gwiwa da warin tsami. Ban yarda ubana ya sha ba. Ban kuma san ko na daina yarda da addinin coci ba, jiya na kama bakina yana addu'ar cin abinci ba da izinina ba. Ga shi a ƙarshe na zama mutumin Suwidin ban taka ƙasarsu ba: suna a littafi, kujera ba kowa, ina kai wa matacce abin da ban gaskata zai karɓa ba. Ubana ne. Ba zan bar shi haka ba.

Rigar sanyin tana kan ƙafafuna, tana da amfani da asuba in an yi ruwa.

Saura aike ɗaya, daga shi ba zan ƙara ba. In Nuwamba ta zo, ko ina nan ko ba na nan, ki sayi kyandir ki bi Gunilla maƙabarta. Ki ajiye shi kusa da nata. Kada ki ce na yafe, kada ki ce ban yafe ba. In bakinki ya matsa sai ya yi magana, ki ce wa Sista Marta ta ɓatar da gutsure ɗaya, na wajen kunne. Na neme shi a cikin ƙasa da yatsuna ranar Talata, ban same shi ba.

Kawunki,
Mika